Hikaru Nakamura da Salon Wasan Ces na Gaggawa

Wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa ko da yake asalinsa daga Indiya ne, ya samu sabuwar rayuwa a intanet, kuma ba a maganar gwanayensa a can sai an ambaci Hikaru Nakamura, Ba'amurken da aka haifa a Japan a 1987, wanda ya kai muƙamin babban gwani, wato matakin ƙoli a wasan, yana ɗan shekara 15.

Ƙarfinsa ya fi bayyana a wasan gaggawa, inda ake bai wa kowane ɗan wasa minti 3 ko ma minti 1 kacal, domin yana gane tsarin allo da kallo ɗaya, kuma ko an matse shi yakan ci gaba da kare kansa har lokacin abokin karawarsa ya ƙare. Da wannan salo ya lashe gasar gaggawa ta shafin Chess.com sau 5 a jere daga 2018 zuwa 2022, kafin wani babban gwani, Magnus Carlsen, ya doke shi da ƙyar a 2023.

Sai dai mai koyo da ya kwaikwayi saurinsa kaɗai zai cutu, saboda saurin ya samo asali ne daga dogon nazari. Abin da ya fi amfani shi ne ya riƙa buga wasa mai tsawon lokaci, ya sake duba da kansa wasannin da ya faɗi kafin ya tambayi kwamfuta, sannan ya ƙware a ƙarshen wasa, lokacin da 'ya'yan da ke allo suka ragu.