Na'urar da Ke Gadin Majinyaci

A manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na ABU wanda ya daɗe a nan Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, akwai ɗakin da ake kwantar da waɗanda ciwo ya yi wa tsanani. Mu da muka saba shimfiɗa tabarma kusa da gadon ɗan'uwanmu mukan ji zafi in aka ce mu tsaya a waje. To, wa ke gadinsa cikin dare?

Asalin irin wannan ɗaki daga Danmak ne. A 1952 cutar shan inna ta ɓarke a birnin Kofanhagin, har ɗaliban likita suka riƙa matsa jakar iska da hannu dare da rana domin marasa lafiya su yi numfashi. Daga nan Dokta Bjorn Ibsen ya buɗe ɗakin kulawa ta musamman a 1953.

Yanzu na'ura ta ɗauki rabin gadin. Ana manna wayoyi a ƙirji su ƙirga bugun zuciya, wanda ga babban mutum yakan kasance 60 zuwa 100 a minti guda. Ana ɗaura wani abu a damtse don awon jini. Amma wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne ɗan maƙalen yatsa, wanda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararsa a 1972. Yana haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani su ratsa yatsa. Jinin da ya ƙoshi da iskar oksijin da wanda ke ƙarancinta ba daidai suke shan hasken ba, da haka na'urar ke yin lissafi. Mai lafiya yakan nuna 95 ko fiye. In ya sauka ƙasa da 90, sai ƙararrawa ta kaɗa. 'Yan ajin kimiyya, ga amfanin darasin haske da kuke gudu!

Duk awon nan yana bin waya zuwa allo ɗaya a teburin nas, tana ganin gadaje da yawa daga zaune. A Amurka tun 2000 likita yakan duba majinyata daga nesa ta kamara da kwamfuta.

Sai dai na'urar tana da aibi, kuma ya shafe mu. Wani bincike a Mishigan a 2020 ya nuna maƙalen yatsa yakan kasa gano ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Yatsa mai sanyi ko jan farce mai duhu ma suna ruɗa shi. Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda ke sa dole a tanadi batir da janareta. Shi ya sa nas ta ƙwarai, in ƙararrawa ta kaɗa, takan tashi ta je ta dubi fuskar majinyacin, ta taɓa hannunsa, kafin ta gaskata allo.