Ko Kun Sani?

A kudancin Ostareliya akwai hanyar da direba zai yi tafiyar kilomita 146.6 bai haɗu da kwana ko ɗaya ba. Wannan yanki yana tsakanin Balladonia da Caiguna a kan babbar hanyar Eyre, mai tsawon fiye da kilomita 1,600 daga Port Augusta zuwa Norseman. Ta ratsa filin Nullarbor, busasshen daji mai ƙarancin itatuwa, kuma sai a 1976 aka kammala shimfiɗa mata kwalta.

Gidajen mai sun yi nisa da juna, wani lokaci kusan kilomita 200, shi ya sa matafiya ke riƙe guzurin ruwa da fetur. Allunan gefen hanya suna gargaɗi kan raƙuman daji da kangaru, waɗanda sukan faɗo titi da almuru. An faɗaɗa wasu wurare aka yi musu farin zane domin jirgin likitoci ya sauka idan an yi haɗari. Kusa da iyakar jihohi biyun da ta ratsa kuwa, hanyar tana bin bakin gaɓar Bunda, inda dutse ya yanke tsaye ya faɗa teku.