Tsimin Ɗumi a Tsofaffin Gidajen Ingila

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da neman ilmi ko neman halaliya ya kai su ƙasar Ingila, idan suka sauka a birane irin su Landan da Manchesta, a tsofaffin gidajen jan bulo suke samun haya, waɗanda da yawansu an gina su tun zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta rasu a 1901; kuma ba sa sanin haƙiƙanin halin gidajen nan sai sanyi ya kankama, takardar kuɗin gas ta iso. Lamarin ya tsananta a 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, har magidanta da dama suka rasa wanda za su gabatar tsakanin ɗumama ɗaki da cefane.

Sababin asarar ɗumi a gidajen nan a fili yake, domin ɗabi'ar zafi ce ya gudu zuwa inda sanyi yake. Gidajen da aka gina kafin wajejen 1920 galibi bangonsu ɗaya ne tilo, alhali na bayansu bango biyu ne da rata a tsakani, wadda ake iya cusa wa abin tare zafi. Masana sun ƙiyasta cewa a gidan da ba a yi wa wani tanadi ba, kusan sulusin ɗumin ta bango yake fita, rubu'insa kuma ta rufi.

A ganina, mai hankali da kafofin iska zai fara, saboda su ne mafi arha, ɗan haya ma yana iya toshe su da hannunsa: ƙarƙashin ƙofa, da gefen tagogin katako waɗanda shekaru suka sa suka saki, da kafar jefa wasiƙa, da tsagogin daɓen katako, da kuma bututun hayaƙi na murhun da aka daina amfani da shi, wanda yake zuƙe ɗumin ɗaki dare da rana ba tare da kowa ya lura ba. Roba mai manne da labule mai kauri sun wadatar a mafi yawan wuraren nan. Bayan wannan sai saman silin, inda ake shimfiɗa wata irin auduga da ake yi da gilashi ko dutse, kaurinta kimanin santimita 27. Gyaran bango kuwa aikin gwani ne mai cin kuɗi, haƙƙinsa yana wuyan mai gida.

Amma akwai haddin da bai halatta a ƙetare ba, kuma a nan ne mutane suka fi kuskure. Tsohon gida an gina shi ne bisa sharaɗin iska ta riƙa ratsa shi. Idan aka liƙe kowace kafa, har da waɗanda magina suka bari da gangan a gindin bango da kicin da makewayi, tururin girki da na wanka da na shanya ba shi da mafita, sai ya zama raɓa a jikin bango, raɓa ta haifi fumfuna, ita kuwa tana lahanta huhu. A 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rocdel, bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi. Haka kuma tukunyar ɗumama gida mai aiki da gas, idan ba ta samun isasshiyar iska, tana iya fitar da guba marar launi marar wari, irin wadda kaskon gawayi yake fitarwa a rufaffen ɗaki lokacin hunturu a ƙasarmu.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan kana zaune a irin gidajen nan, ko kana da ɗa ko ɗan'uwa a can, a toshe kafar da tsufa ya buɗe, a bar wadda magini ya buɗe, a kuma sa na'urar gargaɗin gubar gas kafin sanyi ya shigo.