Yadda za a kula da sandar fatsa

Ƴan uwa masunta, ba girman kifi ne ya fi karya sandar fatsa ba. Abin da ya fi kashe ta shi ne yadda ake ajiye ta bayan an taso daga ruwa.

A wani rangadi da na yi na duba makarantun yaƙi da jahilci a ƙauyukan bakin tabkin Madarumfa, wani ɗalibinmu ya nuna mini sandarsa. Giwan ruwa ne, in ji shi, ya karya ta. Da na duba wurin karayar, sai na ga goran ya daɗe da tsagewa, ga laka busasshiya cikin tsagar. Kifin ƙarasawa kawai ya yi.

Sanda iri biyu ce a hannun mutane. Akwai ta gora, wadda kowa ya sani. Akwai kuma ta kanti, mai gaɓa-gaɓa, wadda ake harhaɗawa. Cikin na kanti har da irin wadda masunta na Ingila da Amurka suke jefa ƙugiya da ita, ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu don ta yi kama da ƙwaro. Tsawonta yakan kusa metir 3, sau da yawa gaɓa 4. Tana da tsada ƙwarai, amma kulawarta da ta goranmu kusan ɗaya ce.

Da ka dawo gida, ka wanke sanda da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, ka goge da tsumma. Ka shanya ta a inuwa. Rana tana tsaga gora, tana kuma cinye ƙarfin zaren nilon ko da ido bai gani ba. Kada ka jingine ta a kusurwar ɗaki, za ta lanƙwashe. Ka rataye ta, ko ka shimfiɗa ta bisa abu mai tsawo, nesa da ƙasa saboda gara. Lokacin hunturu, ɗan mai kaɗan a tsumma yana hana gora bushewa.

Ta kanti kuwa, a mahaɗin gaɓoɓi ajalinta yake. Ƙwayar rairayi ɗaya, idan ta shiga nan, tana gurzar sanda duk lokacin da aka haɗa ko aka raba. Saboda haka a raba gaɓoɓin, a share mahaɗin, a goga masa ɗan kakin kyandir. Kada a mayar da ita cikin kubenta da danshi. A duba ƴan zobban da zare yake bi ta cikinsu: wanda ya yi kaifi zai tsinke zare ranar da babban kifi ya kama. Abin naɗe zare yana son ɗigo 1 ko 2 na man keken ɗinki. Fetur da kananzir kuwa kada su taɓa zaren. Wani abu kuma: baƙar sandar nan marar nauyi wutar lantarki tana bin ta. Idan hadari ya taso da walƙiya, a kwantar da ita, a fita daga ruwa.

Sai ƙugiya. A cire ragowar tana daga jikinta, a busar da ita, a wasa bakinta a dutse mai laushi. Idan ka ja bakin a kan farcenka ya zame bai kama ba, ta dakushe. Wadda tsatsa ta ci, a binne ta inda yara ba sa wasa.

Idan ƙugiya ta soki mutum har ƙayarta ta nutse cikin nama, kada a fizge ta baya. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a tafi gidan likita. Can za su cire ta, su kuma duba ko yana bukatar allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora, domin ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, bakin tabki kuwa mashayar dabbobi ce.