Majalisar da mashayi zai iya faɗin gaskiya

Daga Dawakin Kudu zuwa Kura da Bunkure, da wuya ka ji an fito fili an ce wane yana shan giya. Sai dai a rage murya a ce "yana ɗan taɓawa". Tun da Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hisbah bisa doka a 2003, kwalba ta bar idon jama'a. A 2013 an murƙushe kwalabe kimanin 240,000 a zama guda. Amma fasa kwalba daban, kashe ƙishirwar mai shanta daban. Wanda ya kamu yana nan, ya koma sha a ɓoye, ko ya haɗa da abin da ya fi sauƙin shiga aljihu, tiramol ko kodin ko wiwi.

A wannan yanki na noman rani, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir, lebura kan wuni a duƙe, ya karɓi kuɗinsa da yamma. Ƙwayar da ya fara haɗiya don jikinsa ya ɗauki aiki, ita ce daga baya ke cinye kuɗin aikin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce kashi 16 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Jihar Kano sun yi shaye-shaye cikin shekara guda kafin binciken, sama da mutum miliyan ɗaya. Giya ma ba ta cikin lissafin.

Mun daɗe muna maganin abin da ɗauri. An ga yadda gidajen mari suke da 'yan sanda suka buɗe su a Rigasa da Daura a 2019. Akwai asibitin Dawanau, akwai cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, suna kuma yin nasu. Matsalar tana farawa ranar sallama: mutum ya dawo gida, majalisar da ya saba tana nan, mai sayarwa bai tashi ba.

Wannan giɓin wasu mashaya biyu suka gano a garin Akron na Amurka a 1935. Bill Wilson ya je kasuwanci bai yi sa'a ba, sha'awar giya ta taso masa. Maimakon mashaya, sai ya nemi wani mashayin da zai yi hira da shi, aka haɗa shi da likita Bob Smith. Daga hirar tasu aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashayan da ba a bayyana sunansu. Ta masu ƙwaya ta biyo baya a 1953. Zaman ƙungiyar ba shi da wani ado. Kamar awa guda ne, ba kuɗin shiga, ba rajista. Kowa ya faɗi sunansa na fari, ya ba da labarinsa, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Sabon zuwa yana iya yin shiru har a tashi. Zai samu wanda ya riga shi dainawa, wanda zai kira ko da tsakar dare idan abin ya motsa. Alkawarin kuma na yau ne kaɗai. Ni adashe yake tuna mini: kowa na zubi, kowa na kwasa.

A 2020 masana sun tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565, suka ga kashi 42 na waɗanda aka bi da su ta wannan hanya ba su koma sha ba bayan shekara, a kan kashi 35 na sauran hanyoyin. Ba tsafi ba ne. Fiye da rabi sun zame, shi ya sa ba a korar wanda ya zame.

Mai cewa abin na Nasara ne, ya dubi Iran, inda tarukan masu daina ƙwaya suka yi yawa ƙwarai, ko Millati Islami da Musulmin Baltimore suka kafa a 1989. Buhari ma ya ruwaito labarin mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, aka hukunta shi, amma Annabi ya hana a la'ance shi.

Wuyar a ƙauye ita ce sirri, domin kowa ya san babur ɗin kowa. Shi ya sa gara mutum ya nemi taron da ke nesa da garinsu. Birnin Kano bai kai tafiyar awa guda ba. Ya fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau, ya tambayi ma'aikacin jin daɗin jama'a inda waɗanda aka sallama ke haɗuwa. Akwai kuma tarukan intanet ta waya, mutum na iya rufe kyamara, sai dai galibi da Turanci ake yi. In duk babu, mutum biyu sun isa, a shagon da aka rufe bayan Isha'i.

Wanda kuma ya daɗe yana shan giya kullum, kada ya yanke kai tsaye a ɗaki. Rawar hannu kan fara cikin 'yan awoyi, farfaɗiya na iya biyowa, kwana biyu zuwa uku a shiga ruɗewa da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Irin wannan likita zai fara gani, taro ya biyo baya.