Daga Rumfar Albasa Zuwa Zauren Malamai: Ina ɗalibai ke kai amsoshin 'yan kasuwar Malanville?

Duk wanda ya daɗe yana kasa kaya a kasuwar Malanville ya san su. Yara ne matasa, maza da mata, riƙe da takarda da biro, suna bi rumfa rumfa a ranar kasuwa suna tambayar buhun albasa nawa yake yau, nawa yake bara, daga ina masara ta fito, kuma sau nawa ake tsayar da mota kafin ta kai Kwatano. Wasu 'yan kasuwa kan ba su wurin zama har da ruwan sha, wasu kuwa da sun hango takarda sai su ɗaure fuska, domin a ganinsu ba mai rubuta lissafin kayan mutum sai ɗan duwan ko wanda duwan ta aiko.

Yawancinsu ɗaliban Jami'ar Parakou ne, wadda aka buɗe a 2001, wasu kuma daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kafin a ba ɗalibi digirin farko, wanda a ƙasashen renon Faransa ake kira lisans, a sassa da dama sai ya rubuta kundin bincike, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Wannan tsayuwa ita suke kira sutnans, kuma ga mafi yawansu ita ce rana ta farko da za su yi magana a gaban manyan masana.

Abin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, amma yana sa gumi. Malamai kamar uku ne ke zama a kan tebur, ɗaya yana shugabanta. A ba ɗalibi minti 15 zuwa 20 ya taƙaita aikin da ya ci masa watanni, yana nuna taswira da alƙaluma a jikin bango, iyaye da abokai suna zaune a baya, da yawansu ba sa jin Faransancin da ake yi, sai dai su riƙa duban fuskar malaman. Daga nan sai tambayoyi. Bayan an gama malaman su keɓe, su dawo su faɗi maki bisa 20, sai a shiga ɗaukar hoto da rabon abinci. Wanda aikinsa ya yi kyau, malaminsa kan ƙarfafa masa gwiwa ya tura taƙaitaccen bayani zuwa taron ƙara wa juna sani, inda babu uwa babu uba a zaure, sai baƙin masana da ba su san shi ba, kuma ba ruwansu da jin tausayinsa.

To a nan ne maganar ta dawo kanmu 'yan kasuwa. Tambayar da ta fi kayar da ɗalibin da ya yi bincike a kan iyaka ita ce, a ina ya samo alƙalumansa? Kayan da suka bi ta kan gada suna cikin littafin duwan. Waɗanda suka bi ruwa cikin kwale-kwale da dare, ko suka bi bayan gari a kan babur zuwa Kamba, ba su cikin littafin kowa, sai a cikin kan mai kayan. Shi kuwa mai kaya, kowa ya sani, in ya sayar da buhu 100 zai ce 40, don gudun haraji da gudun baki. Yaro ya rubuta 40, ya je ya karanta a zaure, wani malami da ya san kasuwar ya tambaye shi yaya buhu 40 ke cika babbar mota, sai ka ga yaro ya daskare.

Ba laifin ɗan kasuwa ba ne kacokan, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ya kamata a san cewa irin waɗannan rubuce-rubuce suna kaiwa nesa. A 1992 John Igué da Bio Goura Soulé suka fitar da littafin da ya kira Benin ƙasar da ta zama sito, inda suka nuna yadda ƙasar ke rayuwa da shigo da kaya ta tashar Kwatano tana tura su Najeriya, kuma Igué ɗin daga baya ya zama minista. Tun a 1986 Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maraɗi. Olivier Walther, ɗan ƙasar Suwizalan, ya zauna da manyan 'yan kasuwar Gaya da Malanville da Kamba, littafinsa ya fito a 2008, ya kuma nuna cewa da yawa daga cikin manyan attajiran yankin baƙi ne da iyakar ta jawo su. Ko Nassirou Bako-Arifari, ɗan wannan yanki, ya yi bincike a kan cin hanci tsakanin duwan da 'yan tsakiya a tashar Kwatano kafin ya zama ministan harkokin wajen Benin daga 2011 zuwa 2015.

Idan mai karatu bai manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar kuma, takunkumin ECOWAS ya sa aka toshe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya tun 1958, motoci suka yi layi, kaya suka ruɓe a kansu. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, jama'a suka koma kwale-kwale. Masu yanke irin wannan hukunci a ofis suke, takarda suke dubawa. In takardar ta ce cinikin da ake yi a bakin kogi ɗan kaɗan ne, to rufe shi ba zai hana su barci ba.

Saboda haka a ganina korar yaron ba dabara ba ce, buɗe masa ciki gaba ɗaya ma ba dabara ba ce. A nemi ya nuna takardar jami'arsa da sunan malamin da ke duba aikinsa. A gindaya masa sharaɗin ba suna, ba lambar rumfa, ba hoto sai da izini, wanda dama ƙa'idar bincike ce. Wanda ba ya son faɗin nasa lissafi, ya faɗi yadda cinikin layinsu yake a jimlace, ya fi a ba shi ƙarya.

Sai dai su ma jami'o'in akwai bashi a kansu. Kundin da Faransanci ake rubuta shi, a kare shi a Parakou, wajen kilomita 300 daga kasuwar, a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Shugabannin 'yan kasuwa suna iya cewa duk ɗalibin da zai shiga da takarda, sai ya yi alƙawarin dawowa bayan ya ci jarrabawa, ya tsaya a gaban 'yan albasa da 'yan hatsi ya maimaita abin da ya faɗa wa malamansa, da Hausa ko da Dendi, su ma su yi masa tambayoyinsu.