Digirin Digirgir Kan Abin Da Zuciya Ke Ɓoyewa

Da yawa daga cikinmu masu karanta ilimin halayyar ɗan'adam a jami'a, sunan Sigmund Freud ne ya fara jan hankalinmu. Likita ne daga ƙasar Ostiriya, an haife shi a 1856, ya rasu a Landan a 1939. Shi ya kafa hanyar warkarwa da ake kira saikoanalisis: mai damuwa ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai, har da mafarkinsa, mai sauraro kuma ya bi diddigin abin da zuciya ta binne tun ƙuruciya.

To, mai son digirin digirgir a wannan fanni ina zai dosa? A nan gizo ke saƙar. Yawancin jami'o'in Amurka sun karkata ga hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ba ta cin lokaci sosai. Kaɗan ne suka riƙe tafarkin Freud, irin su Adelphi da City College a jihar Niyok.

Digirin iri biyu ne. PhD ya fi ba bincike ƙarfi, kuma sau da yawa akwai tallafi. PsyD kuwa duba marasa lafiya ya sa gaba, galibi ɗalibi ke biya, kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Karatun kan ci shekara 5 zuwa 7, har da shekara guda ta aikin horo.

Akan rufe karɓar takardu wajen watan Disamba. Za a nemi sakamakon digirinka, da wasiƙun shaida uku daga malamai, da takardar bayanin kai. A ganinmu wannan ta ƙarshe ta fi wuya. "Ina son taimakon jama'a" kowa na iya rubutawa. Su so suke su ga ka iya sauraro, ka taɓa aiki da mutanen da ke cikin damuwa, kuma kana iya duban halinka ba tare da ka yi wa kanka kwalliya ba. A ganawar baka ma ana iya tambayarka game da rayuwarka.

Ƙannenmu, kada ku yi wasa da lissafi don kun ji aikin na zance ne. Binciken ba ya tafiya sai da ƙididdiga. Ku kuma sani digirin kaɗai ba ya mai da mutum gwanin saikoanalisis. Sai ya ƙara shekaru a cibiyar horo ta musamman, inda shi ma zai zauna gaban wani gwani a tona abin da ke ransa.